Faifan '1': Yadda The Beatles suka dawo na ɗaya shekara 30 bayan watsewarsu

A ranar 13 ga Nuwamban 2000 wani faifan CD ya shiga shagunan sayar da waƙoƙi a Birtaniya da sauran ƙasashe. Bangonsa ja ne wur, babu hoton mawaƙi a gaba, sai sunan masu shi da wata ƙatuwar lamba 1 mai ruwan ɗorawa. Babu sabuwar waƙa ko ɗaya a cikinsa. Wadda ta fi kowace sabunta ta shekara 30 da fitowa. Ƙungiyar da ta rera waƙoƙin ta watse tun 1970, kuma ɗaya daga cikin mutum huɗun da ke cikinta ya kusa shekara 20 da barin duniya.

A lokacin, kasuwar waƙa a hannun matasa take. Su Eminem da Britney Spears da Backstreet Boys ne ke tashe. Amma wannan jan faifai ya zo ya ɗare na ɗaya a ƙasashe sama da 25. A Birtaniya ya yi mako tara a saman jadawali, a Amurka mako takwas. Da aka zo lissafin shekara goma, daga 2000 zuwa 2009, sai aka tarar a duk faɗin Amurka babu kundin waƙoƙin da aka saya kamarsa, kwafi sama da miliyan 11. A duniya baki ɗaya ya haura miliyan 30.

Sunan faifan '1', masu shi kuma The Beatles. Ya girme mu, ya girme ku, waƙoƙin cikinsa kuwa na zamanin kakanninmu ne. To me zai sa miliyoyin mutane su sa kuɗi su sayi waƙoƙin da da yawansu suna da su a gida? Kuma idan aka matse aikin rayuwar mawaƙa a faifai ɗaya, me ake samu, me ake rasawa?

Samari huɗu daga Liverpool

Duk mai kallon ƙwallo ya san Liverpool. Amma tun kafin kulob ɗin ya ɗauki kofin zakarun Turai na farko a 1977, wasu samari huɗu ne suka sa sunan garin a bakin duniya: John Lennon da Paul McCartney da George Harrison da Ringo Starr.

Lennon da McCartney sun haɗu ne a ranar 6 ga Yulin 1957, a wani biki da aka yi a harabar coci. Lennon yana da shekara 16, McCartney 15, wato sa'o'in 'yan SS 1 da SS 2. A shekara ta gaba McCartney ya jawo abokinsa na makaranta, Harrison, wanda ya fi su ƙuruciya. Ringo ne ya zo a ƙarshe, a watan Agustan 1962, ya karɓi ganguna.

Kiɗan da suka tashi suna yi shi ake kira rok. A Amurka aka haife shi a shekarun 1950, kuma saiwarsa tana cikin kiɗan baƙaƙen fata na can. Kayan aikinsa ba su da yawa: jita mai amfani da lantarki, wata jitar mai kaurin amo da ke riƙe ƙasan kiɗa, sai ganguna da murya. The Beatles ba su taɓa ɓoye cewa daga su Chuck Berry da Little Richard suka koya ba. A 1964 ma, da za su yi wasa a Jacksonville da ke jihar Florida, sun kafe cewa ba za su hau dandamali ba muddin za a raba wurin zaman farare da na baƙaƙe.

Waƙarsu ta farko ta fito a watan Oktoban 1962. A ranar 9 ga Fabrairun 1964 mutum kimanin miliyan 73 suka kalle su a wani shirin talabijin na Amurka da Ed Sullivan ke gabatarwa. A makon 4 ga Afrilun wannan shekara, waƙoƙi biyar na saman jadawalin Amurka duk nasu ne, daga ta ɗaya har ta biyar. A Afrilun 1970 suka watse, a lokacin babu wanda ya kai shekara 30 a cikinsu. Duk wannan suna da suka yi, a ƙasa da shekara takwas suka tara shi.

Ƙa'ida ɗaya tak

Idan mawaƙi ya daɗe yana aiki, kamfani kan tsinto waƙoƙinsa da suka fi fice ya haɗa su wuri ɗaya. Matsalar kullum ita ce wa zai yi zaɓen. Waƙar da ta fi daɗi a kunnen wani, wani ko sauraronta ba ya son yi. The Beatles sun bar waƙoƙi sama da 200, kuma kowane masoyi yana da nasa jerin.

Waɗanda suka tsara '1', wato McCartney da Harrison da Ringo tare da furodusansu na tun farko, George Martin, sai suka kauce wa wannan rigima da ƙa'ida ɗaya: waƙa ba za ta shiga ba sai ta taɓa zama ta ɗaya a jadawalin Birtaniya ko na Amurka.

Jadawalin waƙoƙi kamar teburin Firimiya yake, sai dai shi kowane mako ake sake lissafi. A wancan zamani ana sayar da waƙa ne a ƙaramin faifan garmaho mai fuska biyu, waƙa ɗaya a kowace fuska. A Birtaniya faifan da aka fi saya a mako shi ke hawa sama. A Amurka, mujallar Billboard kan haɗa ciniki da yawan sa waƙa a gidajen rediyo. The Beatles sun hau na ɗaya sau 17 a Birtaniya a shekarun da suke tare, a Amurka sau 20. Da aka haɗa jerin biyu, aka cire maimaici, sai aka samu waƙoƙi 27.

Sa'ar da aka yi ita ce waƙoƙin nan 27 sun cika minti 79, faifan CD kuwa abin da yake ɗauka bai wuce minti 80 ba. Kamar an auna. Aka jera su bisa tsarin fitowarsu, daga 1962 zuwa 1970, ba a sa wata gaban wata don ta fi farin jini ba. Wannan jeri shi ne ƙashin bayan faifan.

Shekara takwas cikin minti 79

Wanda ya saurari '1' daga farko zuwa ƙarshe ba tare da tsallake ba zai ji mutum huɗu suna girma a kunnensa.

Waƙar farko, 'Love Me Do', mai sauƙi ce ƙwarai. Kalmomi kaɗan ne ake ta juyawa, ga wani ɗan abin busa da ake kira hamonika yana raka su. A Birtaniya a ta 17 ta tsaya, sai a 1964 ta zama ta ɗaya a Amurka, abin da ya ba ta tikitin shiga faifan ke nan. Waɗanda suka biyo ta, irin su 'She Loves You' da 'I Want to Hold Your Hand', duk na soyayyar ƙuruciya ne, gajeru, masu sauri, da wuya ka ga wadda ta kai minti uku. An yi su ne don a yi tsalle a yi ihu, kuma an yi.

Daga 1965 murya ta fara sauyawa. 'Help!' tana da kiɗa mai zafi, amma daga baya Lennon ya bayyana cewa da gaske agaji yake nema, domin ɗaukaka ta yi masa nauyi yana ɗan shekara 24. Waƙar da ke binta, 'Yesterday', ba ganga ba hayaniya. McCartney ne shi kaɗai da jitarsa, sai masu gogen Turawa huɗu da George Martin ya tsara musu abin da za su kaɗa. Mawaƙa daban-daban sun sake rera ta sama da sau 2,000. A 1966 sai ga 'Paperback Writer', labarin wani da ke rubuta wasiƙa yana roƙon a buga masa littafi, da 'Eleanor Rigby', labarin wata mata da ta rayu ita kaɗai ta mutu ita kaɗai, babu wanda ya zo jana'izarta. A wannan waƙar babu ɗan Beatles ko ɗaya da ya taɓa kayan kiɗa, masu goge takwas ne suka yi aikin. Shekara huɗu kacal ke tsakaninta da 'Love Me Do'.

Me ya kawo wannan sauyi? Wani ɓangare na amsar shi ne sun daina yawon wasa. Ihun 'yan kallo ya kai matsayin da su kansu ba sa jin abin da suke kaɗawa. A filin wasa na Shea da ke New York mutum sama da 55,000 suka taru a 1965, amon lasifika ya ɓace a cikin kururuwa. A ranar 29 ga Agustan 1966 suka yi wasan ƙarshe na masu tikiti a San Francisco, suka koma situdiyo, inda babu mai yi musu gaggawa.

Sakamakon yana cikin kashi na uku na faifan. 'Penny Lane' sunan wani titi ne a Liverpool, McCartney ya zana shi da baki, da shagon aski da banki da masu wucewa, kamar yadda wani zai waƙe unguwar da ya taso. 'All You Need Is Love' sun rera ta kai tsaye a ranar 25 ga Yunin 1967, a wani shirin talabijin da tauraron ɗan Adam ya haɗa nahiyoyi suka kalla a lokaci guda. 'Hey Jude' ta haura minti bakwai a zamanin da gidajen rediyo suka saba da minti uku, amma ta yi mako tara tana ta ɗaya a Amurka. McCartney ya fara tsara ta ne don ya rarrashi Julian, ɗan Lennon mai shekara biyar, lokacin da auren iyayensa ke mutuwa. 'Let It Be' kuwa, McCartney ya ce daga mafarki ta zo, ya ga mahaifiyarsa Mary tana kwantar masa da hankali. Ta rasu tun yana shekara 14. Lennon ma ya rasa tasa mahaifiyar yana shekara 17, mota ce ta buge ta. Wanda ya san wannan, ba zai ƙara jin waɗannan waƙoƙi yadda yake jinsu a da ba.

Akwai abin da ya kamata masu sha'awar haɗa kiɗa a waya su lura da shi. Waƙoƙin farko an naɗe su ne da na'ura mai layi biyu kacal, daga baya aka samu mai huɗu, sai a 1968 suka fara aiki da mai takwas. Ƙaramar manhajar da ke cikin wayar hannu a yau ta fi wannan ƙarfi nesa ba kusa ba. Kuma babu ɗaya daga cikin huɗun da ya yi karatun rubuta kiɗa a takarda. Kunne da naci da yawan gwaji su ne jarinsu.

Abin da ya ja masoya

Dalili na farko na aljihu ne. Kafin 2000, wanda ke son manyan waƙoƙin The Beatles a CD sai ya sayi kundi biyu da aka fara fitarwa a 1973, waɗanda masoya ke kira Ja da Shuɗi saboda launin bangonsu. Kowane ɗaya faifai biyu ne, kuɗinsu kuma ba kaɗan ba. '1' ya zo da faifai ɗaya, farashi ɗaya.

Na biyu, babu ciko. A yawancin kundaye akan samu waƙa uku ko huɗu masu kyau, sauran a yi haƙuri da su. A nan kowace waƙa ta riga ta ci jarrabawa a gaban miliyoyin masu saye. Ko a mota aka sa, ko a wurin biki, babu mai cewa a tsallake.

Na uku, lissafin shekaru. Yarinyar da ta yi ihu tana shekara 15 a 1964, a 2000 tana da shekara 51. Tsofaffin faya-fayanta na garmaho sun gurje, tana da kuɗin saye, tana kuma da 'ya'ya, wataƙila har da jikoki. Faifan ya fito ana saura mako shida Kirsimeti, lokacin da ake yawan sayen kyauta a can. A makon bikin kaɗai an sayar da sama da kwafi miliyan ɗaya a Amurka. Uwa ta saya wa ɗa, ɗa ya saya wa uba. Ba kowane kiɗa ne mutum uku masu tazarar shekaru za su zauna a ɗaki ɗaya su saurara babu mai tashi ba. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana.

Na huɗu ya shafi sababbin shiga. Matashin da ya ji ana ta ambaton The Beatles, ya duba ya ga kundaye sama da goma, bai san ta inda zai fara ba. '1' ya ba shi ƙofa. Cikin awa ɗaya da minti 20 ya san yadda suka fara, ya san inda suka ƙare, ya kuma gane wane zango ne ya fi kwanta masa.

Waɗanda aka bari a waje

Sai dai ƙa'idar da ta ba faifan ƙarfi ita ce ta jawo masa suka. Tun makon da ya fito tsofaffin masoya suka fara ƙorafi a kan waƙoƙi biyu.

Ta farko 'Please Please Me' ta 1963, wadda ita ce ta fara ɗaga su a Birtaniya. A wancan lokaci jadawali ba ɗaya ba ne. A na jaridun kiɗa irin su NME da Melody Maker ta zama ta ɗaya, amma a na Record Retailer, wanda daga baya aka ɗauka a matsayin na hukuma, a ta biyu ta tsaya. Shi ke nan, ta rasa kujera.

Ta biyu ta fi ciwo. 'Strawberry Fields Forever' ta 1967 tana cikin waƙoƙin da masana kiɗa ke sawa a sahun gaba na duk abin da ƙungiyar ta yi. Faifai ɗaya suka fito da 'Penny Lane', kowace a fuskarta. A Birtaniya faifan ya maƙale a na biyu, domin wata waƙar soyayya ta Engelbert Humperdinck mai suna 'Release Me' ta tare hanya. A Amurka, inda ake lissafa kowace fuska daban, 'Penny Lane' ta hau ta ɗaya, 'yar'uwarta ta tsaya a ta takwas. Ɗaya ta shiga, ɗaya ta kwana a waje.

Giɓin bai tsaya nan ba. The Beatles sun saba da ƙin sa waƙoƙin ƙananan faya-fayai a cikin manyan kundayensu na Birtaniya, don kada masoyi ya biya kuɗin waƙa ɗaya sau biyu. Wannan ya sa kundaye uku da ake ji da su, wato 'Rubber Soul' na 1965 da 'Sgt. Pepper's Lonely Hearts Club Band' na 1967 da farin kundin nan na 1968, babu waƙarsu ko ɗaya a cikin '1'. A farin kundin ne ake samun 'Ob-La-Di, Ob-La-Da', wadda McCartney ya aro sunanta daga wata magana da Jimmy Scott, wani makaɗin ganga ɗan Najeriya mazaunin Landan, ya saba yi.

Wanda ƙa'idar ta fi danne wa haƙƙi shi ne George Harrison. A cikin waƙoƙi 27, guda 26 sunan Lennon da McCartney ne a kansu, tasa ɗaya ce tak, 'Something'. Mai sauraron '1' kaɗai zai ɗauka shi ɗan rakiya ne. Amma a 2023, waƙar The Beatles ta farko da aka saurara sau biliyan ɗaya a manhajar Spotify ita ce 'Here Comes the Sun', kuma Harrison ne ya rubuta ta. Ba ta cikin '1', domin ba a fitar da ita a ƙaramin faifai a Birtaniya ko Amurka a lokacin ba, ballantana ta shiga gasa.

A nan ne muke ganin darasin da ya shafi ɗalibi kai tsaye. Zama na ɗaya abu ne na gaske, ba a samunsa a banza. Amma ma'auni ne na lokaci guda, kuma ya dogara da wanda kuka haɗu a fili da irin dokar da aka yi lissafi da ita. Takardar sakamakon ƙarshen zango haka take. Tana faɗin gaskiya a kan wanda ya fi maki a wannan zango, amma ba ta da gurbin rubuta wanda aikinsa zai fi amfani bayan shekara 50.

Wahalar da ba ta shiga faifai ba

Faifan da ya ƙunshi nasarori zalla yana iya ruɗar mai sauraro, ya ɗauka daga sama abin ya faɗo. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Daga 1960 zuwa 1962 samarin sun yi ta zuwa birnin Hamburg na Jamus suna kiɗa a gidajen rawa, awanni da yawa a kowane dare. A zuwansu na farko a wani ɗaki da ke bayan allon silima suke kwana, kusa da ban-ɗaki. Hukuma ta kori Harrison daga ƙasar saboda shekararsa 17, bai kai na aikin dare ba. A gida Liverpool sun yi wasa kusan sau 300 a wani gidan rawa na ƙarƙashin ƙasa mai suna Cavern. A ranar 1 ga Janairun 1962 kamfanin Decca ya gwada su a Landan, ya ce ba ya so, ya ɗauki wata ƙungiya daban. Yawancin wannan ya faru kafin waƙa ta farko da ke cikin '1'.

Ƙarshen ma faifan ya lulluɓe shi. Manajansu Brian Epstein ya mutu a 1967 yana shekara 32, daga nan rigimar kuɗi da ta shugabanci ta kunno kai. Shaye-shaye ya shiga tsakaninsu, har kotu ta ci Lennon da Harrison tara a kan tabar wiwi. Waƙar da ta rufe faifan, 'The Long and Winding Road', ita kanta abin faɗa ce, domin an ƙara mata kayan kiɗa da amshi ba da yardar McCartney ba. A ranar ƙarshe ta 1970 ya shigar da ƙara kotu yana neman a raba haɗin gwiwarsu. Abokan da suka haɗu suna 'yan makaranta, ta bakin lauyoyi suka rabu. A ranar 8 ga Disamban 1980 wani mutum ya harbe Lennon a ƙofar gidansa a New York. Harrison kuma ya mutu da cutar daji a Nuwamban 2001, shekara ɗaya bayan fitowar '1'.

A zamanin waya

Yau kusan babu mai sayen CD a cikinmu. Kowa da jerin waƙoƙinsa a waya, ya sa wadda yake so, ya goge wadda ta gundure shi. Za a iya cewa zamanin irin wannan kundi ya wuce. Amma '1' bai mutu ba. A 2015 Giles Martin, ɗan George Martin, ya sake tace sautinsa, kuma a ranar 24 ga Disamban wannan shekara aka saki waƙoƙin ƙungiyar a manhajojin sauraro ta intanet. Amfanin kundin ma sai ya ƙara fitowa. Manhaja takan jefo maka waƙa ɗaya daga 1969, ta bi ta da wata daga 1963, ba ka san wace ce gaba ba. Kundin da aka jera bisa shekaru yana ba ka labari mai farko da ƙarshe.

A Nuwamban 2023 labarin ya samu ƙari. McCartney da Ringo suka fitar da 'Now and Then', waƙar da Lennon ya naɗa a kaset a gidansa a ƙarshen shekarun 1970. An daɗe ana son kammala ta, amon fiyano ya danne muryarsa. Sai da aka samu manhajar kwamfuta da ta iya zare muryar ita kaɗai, sannan aka haɗa da jitar da Harrison ya kaɗa a 1995. Waƙar ta hau ta ɗaya a Birtaniya, shekara 54 bayan ta ƙarshe da suka yi a can. Bisa ƙa'idar '1', ita ce ta 28.

Ga wanda ke son gwadawa, shawararmu ita ce ya saurari waƙoƙin 27 a jere, sau ɗaya, ba tsallake. Turancin waƙoƙin farko mai sauƙi ne, ɗan JSS ma zai bi. Ya lura da inda goge ya shigo, da inda soyayya ta ba wasu batutuwa wuri. Idan wani zango ya burge shi, ya nemi cikakken kundin wannan shekarar, domin a can ne sauran dukiyar take. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Akwai kuma aikin gida da za ku iya yi ba tare da kun taɓa The Beatles ba. Ku zauna da kaka ko baba, ku ce su zaɓo muku waƙoƙi 27 na Mamman Shata ko na Ɗan Maraya Jos da za su cika faifai ɗaya. Kafin su fara, ku tambaye su da wace ƙa'ida za a yi zaɓen: wadda aka fi sawa a rediyo, ko wadda ta fi hikima, ko wadda ta fi tuna musu da wani lokaci? Ku rubuta jerin, sannan ku rubuta waɗanda aka bari a waje da dalilin barinsu. Za ku tarar jeri na biyu ya fi na farko jawo gardama, kamar yadda masoya The Beatles suka shekara sama da 20 suna yi a kan 'Strawberry Fields Forever'.